Na nemi a yi mini gashi irin na masu ciwon daji don hanyar fitsarina ta daina tsukewa

Assalamu alaikum warahmatullah. Ni mutumin Katsina ne, haifaffen cikin gari, wajen Ƙofar Marusa, sana'ata kuma wayarin ɗin gidaje. Ba zan faɗi sunana ba, domin larurar da zan yi magana a kanta ta shafi al'aura, ga shi ina da 'ya'ya mata da suka fara tasawa. Amma na ga ya zame mini dole in rubuta, saboda na san maza da yawa a garin nan suna fama da irinta sun ja bakinsu sun yi shiru, wasu har ƙodarsu ta taɓu.

A bazarar 2018 muna aiki a wani bene da ake ginawa a hanyar Dutsin-ma. Ina saman tsani ina jan waya, tsanin ya zame, na faɗo a kan wani ƙarfe da aka gitta, ƙafa ɗaya ta nan ɗaya ta can. Duk nauyina ya sauka a tsakanin maraina da dubura. Da azabar ta ɗan lafa sai na ga jini na ɗiga ta gabana, alhali ba fitsari nake yi ba. Yaran aikina suka kai ni wani asibiti, aka sa mini robar fitsari, aka ba ni magani, bayan wani lokaci aka cire. Kumburin ya sace, na koma bakin aiki, kowa ya yi mini barka da arziki.

A hankali abin ya faro, yadda ba zan iya cewa ga ranar da ya fara ba. Da in na tsuguna nan take nake gamawa. Sai ya zama sai na jira kafin ya zo, in ya zo kuma siriri, wani lokaci ya rabu biyu, wani lokaci ya fantsama ya ɓata mini ƙafar wando. Sai na yi yunƙuri har jijiyoyin wuyana sun tashi. In na yi tsarki na miƙe na ɗaura wando, sai in ji ɗigo ya biyo baya. Wanda bai taɓa shiga wannan hali ba zai zaci zafin ne ya fi damun mutum. Ni sallah ce ta fi damuna. Zan yi alwala in shiga sahu, liman na cikin Fatiha in ji ɗumi a cinyata. Na daina tsayawa a sahun gaba. Ranar Juma'a nakan ƙi shan ruwa tun safe, in tsaya can baya wajen takalma don in samu hanyar fita. Na koma ɗaukar wando na biyu a jakar kayan aiki, ƙarƙashin filaya da testa. Daga baya wani malami a unguwarmu, Allah ya saka masa da alheri, ya zaunar da ni ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya, wanda yoyon fitsari ya zame wa larura, yana zuwa masa rabin lokaci ko fiye, alwalarsa ba ta karyewa da shi, kuma Allah bai ɗora wa bawa abin da ba zai iya ba. Ranar na yi barci da sanyin zuciya.

Duk wanda na ɗan buɗe wa cikina sai ya ce sanyi ne. Aka yi ta kawo mini jiƙe-jiƙe da sassaƙe, wannan daga Jibiya, wancan daga wajen mai shela da lasifika ranar kasuwa, kowanne kuma sharaɗinsa a sha da yawa. Mutumin da hanyarsa ta tsuke, in ka cika masa mafitsara da ruwa azaba kawai ka ƙara masa. Maganar sanyin nan kuma akwai ƙaya a cikinta. Gaskiya ne ciwon sanyi na saduwa, irin mai fitar da mugunya, in ba a kashe shi da maganin asibiti da wuri ba yana barin tabo a hanyar fitsari, kuma yana cikin manyan abubuwan da ke jawo wannan cuta a ƙasashenmu. To da yake mutane sun san haka, da zarar namiji ya ce fitsari na yi masa gardama sai a fara yi masa wani irin kallo. Wannan kallon ne ke rufe wa maza baki. Alhali faɗuwa irin tawa tana jawowa, haɗarin mota da ya karya ƙashin ƙugu yana jawowa, robar fitsari da aka tura da ƙarfi ko ta daɗe a jiki tana jawowa, akwai kuma waɗanda likitoci ke bincikawa su rasa dalili. Ko da ma ta hanyar sanyin mutum ya samu, mara lafiya ne, magani yake nema. Mai ɗakina ta ga ranar da aka kawo ni gida da jini a wando, don haka ba ta taɓa zargina ba. Ita ke wanke wandunan, ita ke tashi tare da ni cikin dare. Amma na san waɗanda aurensu ya yi rawa a kan wannan zargi.

Wata rana cikin hunturu fitsarin ya ɗaure gaba ɗaya. Tun la'asar nake shiga bayi ina fitowa, ko ɗigo. Kafin tsakar dare marata ta kumbura ta yi tauri, ina haɗa zufa cikin sanyin nan, ina birgima a tsakar ɗaki. Yayana ya zo da mota. A asibiti suka gwada sa roba ta gaba, ta shiga ta tsaya, suka sauya ƙarama, ita ma ta tsaya. Likitan da ke aikin dare ya ce kada a matsa, matsawa na iya huda wata hanyar daban a cikin nama. Ya kashe mini fatar mara da allura, ya huda ƙasa da cibiya, ya sa roba kai tsaye cikin mafitsara. Ban taɓa jin sauƙi irin na wannan lokacin ba. Na yi kuka a gaban yayana, shi ma ya juyar da kai yana share ido.

Aka tura ni wajen likitan mafitsara. Ya sa aka yi mini wani hoto da ake ɗura ruwan magani ta kan gaba sannan a ɗauka, ruwan ya fito da faɗin hanyar. Bututun fitsarin namiji yakan kai kimanin santimita 20 daga mafitsara zuwa waje, na mace kuwa kimanin 4 ne, shi ya sa cutar ta fi zama ta maza. A hoton nawa farin layin ya taho da faɗinsa, ya zo daidai inda ƙarfe ya buge ni ya sirance, sannan ya sake buɗewa. Likita ya ce: "Malam, ba wani abu ne ya shiga ya toshe ka ba. Naman da ke kewaye da bututun ne ya dauje, ya warke da tabo. Shi kuwa tabo halinsa ke nan, ya yi tauri ya ja jiki. In ya zagaye bututu sai ya shaƙe shi." A lokacin tsawon wurin bai kai santimita 2 ba.

Aka yi mini aikin da ake shiga da kyamara ta gaba a tsaga tabon daga ciki da 'yar ƙaramar wuƙa, ba yanka a waje. Da aka cire roba na ji ƙarar fitsarina a ƙasa, na yi ta hamdala, na yi sadaka. Ba a rufa shekara ba ya fara sirancewa. Daga nan na shiga zagayen da duk mai wannan cuta ya sani: a buɗa ka da sandunan ƙarfe daga siriri zuwa mai kauri, ka samu sauƙi na ɗan lokaci, ya dawo, a sake. Aka sake tsagawa. Aka koya mini zura wa kaina roba a gida don hanyar ta zauna a buɗe, ina yi ina cije haƙori, wani lokaci da jini, wani lokaci zazzaɓi ya biyo baya saboda ƙwayoyin cuta. Tazarar da ke tsakanin sauƙi da dawowa ta yi ta raguwa. A nan babur ɗina ya tafi. Da aka sake hoto, wurin da bai kai santimita 2 ba ya haura 3.

Maganar gashi, wato haska wuri da na'urar da ake yi wa masu ciwon daji magani da ita, ta shigo ne a 2022, ta bakin ɗan yayata da ke karatun aikin hoton asibiti a Kano. Ya zo hutu ya tarar da ni na rame, ya zauna da wayarsa ya yi ta bincike, sannan ya same ni a zaure. Ya ce: "Kawu, ka san mutanen da in an huda musu kunne ko an yi musu tsaga, tabon ya tsiro ya yi tudu? In an yanke shi yakan dawo ya fi na da. Amma in aka yanke aka yi wa wurin gashi cikin kwana ɗaya zuwa uku, dawowarsa na raguwa ƙwarai." Ya ce akwai wasu ƙwayoyin halitta a jiki da aikinsu saƙa tabo ne. Da zarar an ji rauni sai su hayayyafa su cika wurin, kuma a kwanakin farko suka fi yin haka. Hasken gashi, wanda ido ba ya gani, yana hana su hayayyafa. Likitocin zuciya sun yi amfani da wannan dabara ga jijiyoyin jini da ke sake tsukewa bayan an buɗa su, har hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2000. Daga nan wasu likitocin mafitsara suka ce bari su gwada a hanyar fitsari. Bayan an tsaga tabon, sai a sa roba, na'ura ta tura wata siririyar waya ta cikinta, a bakin wayar akwai ɗan ƙwayar sinadarin iridiyam-192, ya tsaya daidai wurin na 'yan mintoci yana ba da haskensa, a janye shi, a maimaita a 'yan kwanaki. An buga sakamakon irin wannan gwaji daga Shanghai ta ƙasar Sin a 2001, da birnin Essen na Jamus a 2003. A Koriya ta Kudu kuma wasu suka gwada da balan-balan da aka cika da ruwan wani sinadari, reniyam-188.

Na kama maganar nan da hannu bibbiyu. Hankalina ya ɗauke ta, don kuwa na riga na gani a jikina cewa tsagawa ba ita ce matsala ba, abin da ke biyo bayanta ne. Akwai kuma wani dalili da ya fi wannan ƙarfi. Likita ya riga ya ambata mini babban aiki, wanda za a yanka ta ƙasan maraina a gyara bututun, ni kuwa tsoronsa nake ji ba kaɗan ba. A majalisa ana cewa duk wanda aka yi wa yanka a wannan wuri ya gama zama namiji. Shekaruna a lokacin ba su kai 45 ba, ina son ƙarin haihuwa, kuma ina jin nauyin matata. Sai ga wata hanya da ba yanka, kwana kaɗan a gama. Na fara lissafin sayar da filin da na saya a bayan gari.

Na tafi Kano wajen wani babban likitan mafitsara da takardun da yaron ya buga mini. Ya karɓa ya duba ɗaya bayan ɗaya, bai yi mini dariya ba, kuma har yau ina ganin girmansa saboda haka. Ya ce kafin a zo kan gashi, bari ya nuna mini inda nake. A 1997 likitoci a Afirka ta Kudu sun bi maza 210, rabi an buɗa su da ƙarfe, rabi an tsaga musu. Hanyoyin biyu suka zo kusan ɗaya. Abin da ya bambanta mutane shi ne tsawon tabon: cikin shekara guda, wanda nasa bai kai santimita 2 ba, kusan kashi 40 cikin 100 ya dawo musu, tsakanin 2 da 4 kusan rabi, sama da 4 kuwa kusan kashi 80. A shekarar da ta biyo baya suka nuna cewa wanda tasa ke dawowa da wuri, in an kai ga yi na uku kusan babu abin da yake amfanarwa. Ya ce kowace tsagawa sabon rauni ce, kowane rauni kuma da tabonsa yake warkewa, shi ya sa nawa ya ƙara tsawo. Ƙungiyar likitocin mafitsara ta Amurka ma, a ƙa'idojin da ta fitar a 2016, cewa ta yi in tsukewa ta dawo a ba mutum zaɓin babban aikin maimakon a yi ta maimaita tsagawa.

Sannan ya dawo kan takarduna. Ya ce in duba adadin mutanen da aka gwada a kansu. A kowane gwajin ba su kai 20 ba. Ba a ware wasu aka bar su ba gashi don a kwatanta ba. Wasu sun samu sauƙi, wasu kuma ta dawo musu duk da gashin. Shekaru kusan 20 sun wuce, abin bai zama maganin da ake yi wa kowa ba ko a ƙasashen da suka fara shi. Likitocin zuciyar ma da aka kwaikwaya, tun da aka fito da 'yan bututun raga masu ɗauke da magani a 2003 suka rage amfani da gashin ƙwarai. Ya ce: "Malam, amma kada ka tsaya a maganata. Ka je ka ji daga bakin masu na'urar."

Na je Zariya. A wancan lokaci wuraren da gwamnati ke da na'urar gashi a ƙasar nan ƙalilan ne, irin su Abuja, Legas, Ibadan, Zariya, Sakkwato da Inugu, ga mutanen ƙasa sama da miliyan 200. Abin da na gani a layin jira ba zai fita daga raina ba. Mata ne suka fi yawa, masu ciwon dajin nono da na bakin mahaifa, wasu daga jihohi masu nisa, wasu da goyo, kowace na jiran a kira sunanta. Su rai suke nema.

Likitar da ta saurare ni mace ce, mai magana a nutse. Ta ce gashi ba ya zaɓen abin da zai taɓa. Yadda yake hana ƙwayoyin tabo hayayyafa, haka yake taɓa ƙananan jijiyoyin jinin da ke ciyar da naman wurin. A hankali, cikin watanni ko shekaru, jijiyoyin su tsuke, jini ya ragu, naman ya yi tauri. Wato shi kansa gashin yana cikin abubuwan da ke jawo tsukewar hanyar fitsari, kuma sun saba ganin haka ga mazan da aka yi wa gashin ciwon dajin furostet, wato ƙullin naman da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Ta ce tabon kunne a waje yake, ana gani, ana iya kare abin da ke kusa da shi. Nawa kuwa a ciki yake, dab da maraina, waɗanda haske kaɗan ke iya rage musu ƙwayoyin haihuwa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da ta ce naman da aka gasa ba ya karɓar ɗinki da kyau. In aka yi mini gashin bai yi ba, na koma wajen likitan tiyata, zai tarar da wurin ya fi wahalar gyara fiye da yadda yake yanzu. Ta ce: "Ga mai daji, wannan haɗarin ƙarami ne a kan abin da yake gudu. Kai kuwa, Malam, kana da aikin da ke warkar da mafi yawan masu irin taka. Ba zan sa ka a na'urar nan ba, kuma in wani ya ce zai sa ka, ka tambaye shi mutum nawa ya yi wa, kuma yaya suke bayan shekara biyar."

Da na koma Kano, a bencin jira na zauna kusa da wani dattijo mutumin Funtuwa, da jakar fitsari a ƙarƙashin babbar riga. Hira ta haɗa mu. 'Ya'yansa sun kai shi Masar an yi masa gashin furostet, dajin ya tafi, amma bayan kamar shekara biyu hanyar fitsari ta tsuke, can ciki kusa da naman da ke riƙe fitsari. An ce masa in aka yi aiki a nan zai iya komawa fitsari na zuba ba tsayawa, sai ya zaɓi zama da robar mara, ana sauya masa duk wata. Bai yi nadama ba ko kaɗan. Ya ce: "Ɗana, ni daji ya kama ni, da ba a gasa ba da ban kawo yau ba. Kai kuma mi ya kai ka?" Na ce: "Baba, tsoron wuƙa." Ya ce in yi istihara in bar likita ya yi aikinsa.

Na tambayi likitan ko babu wani abu tsakanin tsagawa da babban aiki. Ya ce akwai wata balan-balan, Optilume, da aka shafa wa maganin daji mai hana ƙwayoyin tabo hayayyafa, a buɗa wurin da ita ta bar maganin a jikin bututun. An amince da ita a Amurka a ƙarshen 2021, ga tsukewar da ba ta wuce santimita 3 ba. Tunanin ɗaya ne da na gashin, sai dai da magani. Tana da tsada, daga waje ake kawo ta, tawa kuma ta riga ta haura wannan awo.

A 2023 aka yi mini aikin. Daren da zan tafi mai ɗakina ta ce: "Malam, ni lafiyarka nake so. Duk yadda ka dawo, mijina ne kai." Wannan magana ta fi mini kowace allura.

Likita ya bayyana mini aikin da misalin tela. Riga in ta matse ba a yi ta ja da ƙarfi, farke ɗinkin ake yi a ƙara ƙyalle. In tabon gajere ne sukan yanke shi su haɗa baki biyun masu lafiya. Nawa ya yi tsawo, don haka za a tsaga bututun a tsaye a ƙara masa faɗi da fatar cikin kumatuna. Ita wannan fata ta saba zama cikin danshi, ba ta tsirar da gashi kamar fatar waje, tana da kauri, kuma takan kama da wuri. Tun farkon shekarun 1990 wannan hanya ta yaɗu a duniya, kuma a hannun ƙwararre cikin mutum 10, takwas zuwa tara ba sa sake neman wani aiki. Da na farka bakin ne ya fi damuna da ciwo, ba ƙasan ba. Na ɗan jima a kan koko da kunu, magana ma da ƙyar, amma wurin ya cike da kansa. Roba ta zauna kusan mako uku, aka yi hoto aka ga ɗinkin ba ya yoyo, aka cire. Maganar mazakuta da ake tsorata mutane da ita, likita ya faɗa mini tun farko cewa wasu kan ji rauni na 'yan watanni, mafi yawa kuma ya dawo. Haka aka yi da ni. Allah ya ba mu ɗa namiji bayan aikin. Abin da ya rage mini shi ne ɗan ɗigo bayan na gama, kuma an koya mini in danna ƙasan maraina da yatsu in turo ragowar kafin tsarki. Na koma sahun gaba. Ina zuwa a duba ni, domin an gaya mini in za ta dawo ta fi dawowa a shekarun farko.

Ban raina waɗanda suka gwada gashin ba. Sun ga mutane na wahala, suka nemi hanya, tunaninsu kuma yana da tushe. Abin da ke ci mini rai daban ne. A zirga-zirgar nan na haɗu da manoma daga ƙauyukan Batagarawa da Rimi da Kaita, waɗanda suka shekara da shekaru ana buɗa su da ƙarfe, ba wanda ya taɓa gaya musu tsawon tabonsu ko ya ce musu akwai aikin da ke gyarawa. Na haɗu da masu robar mara tun suna samari har furfura ta fara fito musu, saboda kuɗin aikin ya fi ƙarfinsu. Na ga wanda fitsari ya ɓulle masa ta ƙasan maraina saboda ƙurji, na ga wanda ya kai ga wankin ƙoda saboda fitsarin da ba ya fita ya yi ta komawa sama yana danne ƙodar. Likitocin da suka ƙware a wannan ɗinki kaɗan ne a Arewa, layinsu kuma dogo. Kuɗin da talaka ke kashewa a buɗawa da mota da maganin zazzaɓi cikin 'yan shekaru, in an tara, ya isa ya kai shi ga aikin. Da gwamnatin jiha da masu hali za su ɗauki nauyin wannan aiki ga marasa ƙarfi, da an fitar da magidanta da yawa daga ƙunci.

A 2025 aka buɗe cibiyar kula da masu ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina. Na yi murna sosai, don na tuna matan nan da ke barin gidajensu su yi doguwar tafiya. Ba a jima ba wani yaro ɗan acaba a unguwarmu, wanda haɗari ya bar shi da irin tawa, ya zo ya same ni bayan isha'i. Ya ji a wajen abokai cewa tunda na'ura ta zo gari, za a iya gasa masa wurin ya huta da buɗawa. Ya ce: "Baba, an ce kai ka san kan abin." Na ba shi labarin dattijon Funtuwa da abin da likitar Zariya ta gaya mini. Na tambaye shi tsawon tabonsa, bai sani ba, don ba a taɓa yi masa hoton ba duk da buɗawar da ya sha. Na ce to daga nan za mu fara.

Na raka shi aka yi hoton, muka kai wa likitan mafitsara. Tabon gajere ne, irin wanda ake yankewa a haɗa baki biyu, ba sai an taɓa bakinsa ba. An ba shi rana bayan ƙaramar sallah. Yayyensa na haɗa kuɗin, ni kuma na ɗauki nauyin kai shi da zama da shi. Ina roƙon duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a.